Awon haske a cikin mafitsara, maƙoshi da kogon ƙirji: lissafi, ma'auni mai fuska, ko mai ƙwallo?

Akwai sankarar da ake kashewa da haske. Ana ba majiyyaci wani magani da ba ya yin komai a duhu, a jira ya taru a naman da ya lalace, sannan a haska wurin da jan haske ko kore. Maganin ya sha hasken, ya miƙa ƙarfin ga oksijin da ke cikin naman, oksijin ɗin ya rikiɗe ya zama guba mai gajeren rai, ya kashe abin da ke kusa da shi. Likitoci na taƙaita sunan aikin da PDT. Thomas Dougherty ne ya raya shi a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo a Amurka cikin shekarun 1970, kuma Kanada ce ta fara ba maganin Photofrin izini a 1993, don sankarar mafitsara.

A kan fata aikin ba shi da wuyar awo. Ka san watt nawa fitilar ke bayarwa, ka san faɗin wurin, ka raba, ka duba agogo. Rigimar tana farawa ne idan an zura zaren gilashi cikin kogon jiki aka kunna leza inda ido ba ya gani. Wannan rubutu na likitan fitsari ne, da likitan tiyata, da injiniyan na'urorin asibiti a Garwa, Marwa, Kuseri ko Njamena, wanda dillali ya ajiye masa takardar farashi a gaba, yana so ya san wanne zai sa a jerin saye, wanne zai tsallake.

Abin da ƙwarya ke koyarwa

Ka kunna tocila a cikin baƙar tukunya, sannan ka kunna ta a cikin sabuwar ƙwarya mai farin ciki. Tocila ɗaya ce, batir ɗaya, amma ƙwaryar ta fi haske nesa ba kusa ba, domin bangonta yana mayar da hasken, ɗaya gefen ya sake mayarwa, a yi ta jifa da shi har ya ƙare. Haka mafitsara take. Naman jiki ba ya shanye jan haske duka, yana watsa wani kaso ya dawo cikin kogon, wannan kason ya faɗa wa wani bangon.

Willem Star da Hans Marijnissen a Rotterdam ta ƙasar Holan su ne suka fi kowa bin diddigin wannan. Idan aka ɗauki kogon a matsayin ƙwallo, aka kira kason da bango ke mayarwa R, to hasken da ke sauka a kan bango daga gaba zai ninku da 1/(1−R). Hasken da ke kewaye da ɗigo ɗaya a jikin bangon kuwa, na gaba da na baya da na gefe, zai ninku da 1 + 4R/(1−R). Sa lamba ka gani. In bango yana mayar da kashi 30 cikin 100, ninkin farko 1.4 ne, na biyu 2.7. In rabi yake mayarwa, 2 da 5. In ya kai kashi 60, 2.5 da 7. Da mutanen Rotterdam suka auna a mafitsarar majiyyata da jan haske mai tsawon zango nanomita 630, ninkin ya fito tsakanin 2.5 da 7, matsakaicinsa kusan 5. Wato mutum biyu da aka kunna wa leza iri ɗaya, na minti iri ɗaya, ɗaya zai iya shan kusan ninki uku na abin da ɗayan ya sha. Wanda ya sha kaɗan sankararsa ta dawo. Wanda ya sha da yawa hasken ya kai ga tsokar mafitsara, ta yi tabo ta ƙanƙance, ya koma fitsari kowane rabin sa'a, wani ma sai an cire masa ita. Ƙanƙancewar nan ce ta ɓata wa Photofrin suna a aikin mafitsara.

Saboda haka lamba biyu ce ake rubutawa da alama ɗaya, mW/cm² (miliwatt a kowane murabba'in santimita), kuma ba abu ɗaya suke nufi ba. Za mu kira ta farko hasken gaba, ta biyu hasken kewaye. Duk kwatancen da ke ƙasa a kan wannan bambanci ya tsaya.

Hanya ta farko: a auna leza a waje, sauran a lissafa

Wannan ita ce mafi arha, kuma ba ta da makawa ko da an sayi sauran. Kafin a zura zaren, ana auna ainihin ƙarfin da ke fita daga bakinsa, ba abin da allon leza ya rubuta ba. A nan mutane da yawa ke yin kuskuren saye. Ma'aunin watt na yau da kullum faranti ne, yana karɓar hasken da ya miƙe ya same shi. Zaren PDT kuwa ba ya harba haske gaba. Na maƙoshi yana fesa shi ta gefe a tsawon santimita ɗaya zuwa biyar ko fiye, na mafitsara yana da ɗan ƙwallo mai fesawa ta ko'ina. Irin wannan sai tulun awo: ƙwallo mai rami, cikinsa fari fat, a zura kan zaren duka a ciki, wani ɗan ido a jikin tulun ya karanta jimilla. Leza da yawa suna zuwa da nasu ramin awo a jiki. Yana da kyau, amma na'ura ba ta zama shaida a kan kanta, a nemi na biyu mai zaman kansa.

A maƙoshi da manyan hanyoyin iska na huhu, wannan hanya ita ce doka, domin da ita aka rubuta adadin tun asali. Takardar Photofrin ba ta ce a auna komai a jikin bango ba. Ta ce miligiram 2 a kowane kilo na nauyin majiyyaci, a jira sa'a 40 zuwa 50, a haska da nanomita 630, a kan 400 mW a kowane santimita na tsawon mai fesawa. Sankarar maƙoshi 300 J/cm (joule, wato jimillar hasken da aka bayar, a kowane santimita na mai fesawa), wato minti 12 da rabi. Ta hanyar iska 200 J/cm, minti 8 da daƙiƙa 20. A lura, J/cm ne, ba J/cm² ba. Idan mai fesawa santimita 2.5 ne, tulun ya kamata ya nuna watt 1 daidai.

Rauninta a maƙoshi shi ne wurin zaman zaren. Maƙoshi ba bututun ƙarfe ba ne, a lanƙwame yake, yana motsi da numfashi da bugun zuciya. In ramin ya buɗe santimita 2.5 kuma zaren yana tsakiya, 400 mW/cm zai rabu a kan kewaye na santimita 7.85, ya ba da kusan 51 mW/cm². In ramin santimita 1 ne kacal, 127 mW/cm². In zaren ya kwanta a jikin bango ɗaya, wannan gefen ya dahu, ɗayan ya kwana a inuwar ninkin nama. Maganin wannan ba ƙarin ma'auni ba ne, balan-balan ce mai haske da ke buɗe ramin ta riƙe zaren a tsakiya. Ko da ita ɗin ma, a babban gwajin da aka yi wa masu lalacewar tantanin maƙoshi irin ta Barrett, kusan mutum ɗaya cikin uku maƙoshinsa ya tsuke daga baya har sai da aka buɗa.

A mafitsara kuwa lissafi shi kaɗai caca ne. Ɗauki mafitsarar da aka cika da ruwan gishiri mililita 150. In ƙwallo ce, daga tsakiya zuwa bango santimita 3.3 ne, faɗin bangon kusan 137 cm². Leza mai watt 2 za ta ba da 14.6 mW/cm², kuma 15 J/cm² ɗin da aka yi ta amfani da shi a gwaje-gwajen farko zai cika cikin minti 17. A takarda ke nan. To bari kan zaren ya goce da santimita ɗaya tak. Bangon kusa ya koma 2.3, hasken da ke zuwa masa kai tsaye ya ninka biyu. Na nesa ya koma 4.3, nasa ya sauka zuwa kashi 59 cikin 100. Ƙoda kuma ba ta tsaya jiran kowa ba: in fitsari ya ƙara mililita 50 kafin a gama, bangon ya faɗaɗa zuwa 165 cm², haske ya ragu da kashi 17. Duk wannan ba a ma taɓo R ba, wadda ba wanda ya san ta sai an auna.

A yankinmu akwai ƙarin dalili. Mafitsarar da tsargiya ta daɗe a ciki, irin wadda likitoci ke gani daga gaɓar Logone, gonakin shinkafa na Maga da Yagwa, kewayen madatsar Lagdo da bakin tafkin Cadi, ba ta kama da ƙwallon da ke cikin lissafi. Bangonta ya yi kauri, wani wurin ya yi tauri da alli, akwai tabon ƙwai mai kama da yashi, tana saurin zubar da jini, sau da yawa ba ta ɗaukar ruwa sosai. Wurin da ya yi fari zai mayar da haske da yawa, wurin da ya yi ja zai shanye. Ninkin da aka samu a Holan ba a irin wannan bango aka auna shi ba. A kuma faɗi gaskiya tun da wuri: sankarar da tsargiya ke haifarwa yawanci ta riga ta shiga tsoka kafin mai ita ya iso asibiti, jan haske kuwa aikinsa bai cika wuce zurfin milimita biyar zuwa goma ba, kore bai kai rabin haka ba. Wannan ta wuƙa ce. PDT ta sankarar da ke kwance a saman tantani ce.

Hanya ta biyu: ma'auni mai fuska

Ɗan faranti ne na silikon, ko bakin zare da aka yi wa fuska ɗaya, a manna shi a bango yana kallon cikin kogon. Yana karanta hasken gaba: wanda ya zo kai tsaye da wanda sauran bangon ya jefo. Abin da naman da ke ƙarƙashinsa ya mayar ba ya ganinsa, ya ba shi baya. Hasken da ya zo a karkace kuma yana rage masa daraja gwargwadon karkatar, wanda ya zo ta gefe sak kamar bai zo ba.

Ba a raina shi. Saitinsa ya fi sauƙi, a haska shi da hasken da aka san ƙarfinsa a miƙe, shi ke nan. Ba ya damuwa sosai ko an danna shi cikin nama ko an ɗan ɗaga shi. Akwai masana da ke ganin lambarsa ta fi tsabta, domin tana faɗin abin da ya shiga nama, ba ta haɗa da abin da ke fitowa. Da irinsa Harvey Pass ya yi aikin kogon ƙirji a Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta Amurka a shekarun 1990, ya tsayar da 30 J/cm². Ayarin Lothar Lilge a Toronto, masu gwada maganin TLD-1433 da koren haske a mafitsara, su ma hasken gaba suke aunawa, da wani keji mai buɗewa kamar lema bayan an zura shi.

Aibinsa uku ne. In ya juya ko ya kife, lambar ta faɗi ƙasa, kuma ba abin da zai gaya maka ko haske ne ya ragu ko faranti ne ya karkace. Na silikon yana da waya mai ɗauke da lantarki a cikin jikin mutum, kusa da zuciya in aikin ƙirji ne, wanda ke buƙatar rufi mai kyau da gwajin yoyon wuta. Sannan yana yi wa naman da ke ƙarƙashinsa inuwa, ga girma, ba ya bi ta siririyar hanyar madubin fitsari cikin sauƙi.

Hanya ta uku: ma'auni mai ƙwallo

In ka riƙe shi a hannu za ka yi mamakin kuɗinsa. Zaren gilashi ne siriri kamar na kamun kifi, a bakinsa an ɗora ɗan farin ƙwallo na roba, wanda aka fi sayarwa milimita 0.85, bai kai ƙwayar gero ba. Haske daga kowace kusurwa ya shiga ƙwallon, ya yi ta karo a ciki har ya manta inda ya fito, ɗan kaso ya bi zaren zuwa akwatin da ke waje. Lantarki duka a waje yake, abin da ke jikin majiyyaci gilashi ne da roba. Shi ne ke karanta hasken kewaye, wanda shi ne ainihin abin da maganin da ke cikin nama ke ji, tunda shi ba ruwansa da ta ina haske ya zo.

A nan ya kamata a daɗe, domin kurakuransa ba sa ihu.

Na farko, iska da ruwa. Haske yana lanƙwasa a kan iyakar roba da abin da ke kewaye da ita. A cikin iska, iyakar tana tsare haske da yawa a cikin ƙwallon har ya sami hanyar zare. A cikin ruwa, wanda ma'aunin lanƙwasarsa 1.33 ne maimakon 1 na iska, hasken yana sulalewa ya fita. Ƙwallon da aka saita a iska, in aka tsoma shi a ruwan gishiri, zai nuna ƙasa da gaskiya, kuma gyaran yakan faɗa tsakanin ninki 1.5 da 2 gwargwadon irin ƙwallon. Wanda ya manta gyaran zai ga lamba tana tafiyar hawainiya, ya bar leza a kunne, ya ba majiyyaci kusan ninki biyu yana ganin daidai ya yi. Dabarar da ta fi aminci ita ce a sa kowane ƙwallo cikin siririyar robar ƙarin ruwa da aka cika da ruwan gishiri aka toshe bakinta, a saita shi a haka, a yi aiki da shi a haka. Kumfa ɗaya ta iska da ta zauna a kan ƙwallon ta rushe wannan dabara, don haka a ɗaga robar a duba ta a gaban fitila, a ƙwanƙwasa da yatsa har kumfar ta hau.

Na biyu, makauniyar kusurwa. Ta inda zaren ya shiga ƙwallon ba ya gani sosai. A shimfiɗa zaren a jikin bango yadda wutsiyarsa ba za ta fuskanci fitila ba.

Na uku, wurin zama. Daidai kan iyakar nama hasken kewaye yana canjawa da sauri. Ƙwallon da ya nutse milimita ɗaya ko biyu cikin ninkin tantani da wanda ke lilo a cikin ruwa ba za su ba da lamba ɗaya ba. Shi ya sa ake ɗinke shi in kogon a buɗe yake, ko a sa waya mai tsauri ta danna shi a bango in a rufe yake.

Na huɗu, jini. Ɗigo ɗaya da ya daskare a kan ƙwallon ya zama masa tabarau. Da koren haske abin ya fi muni, domin jini mai oksijin yana shan nanomita 532 fiye da ninki hamsin na yadda yake shan 630. In ruwan da ke dawowa daga mafitsara ya fara kama da zoɓon da aka tsinka da ruwa, a kashe leza, a wanke har ya yi garau, a mayar da adadin ruwan da aka fara da shi daidai, sannan a ci gaba. Jinin da ya manne a kan zaren leza kuwa ya fi wannan haɗari: yana zafi, ya ƙone ya yi baƙi, baƙin ya ƙara shan haske, kan zaren ya narke. Alamarsa ita ce duk ma'aunai su faɗi tare. In ɗaya ne kawai ya faɗi, shi ne ya ƙazantu ko ya goce. In ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, fitilar ce ta bar tsakiya. Wannan karatu ba ya yiwuwa da ma'auni ɗaya, kuma shi ne babban dalilin sayen akwati mai tashoshi da yawa. Mutanen Rotterdam uku suka sa a mafitsara, a kan zaren nailan da ke buɗewa ya bi bango. Lissafin kwamfuta da ayarin Toronto ya fitar a 2020 shi ma ya nuna ƙasa da uku ba ya isa.

A kogon ƙirji uku ma wasa ne. A Jami'ar Pennsylvania, inda Joseph Friedberg da Timothy Zhu suka yi shekaru suna haɗa tiyata da PDT don sankarar tantanin huhu, takwas ake ɗinkewa: ƙololuwar kogon, bangon ƙirji na gaba da na baya, lungu biyu na ƙasa, tsakiyar ƙirji ta baya, jakar zuciya, da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ana cika kogon da ruwan gishiri da aka ɗiga wa Intralipid, wani ruwan kitse mai kama da madara, har ya zama kashi 0.01 cikin 100, wato rabin mililita na mai kashi 20 a lita guda, ya yi ɗan hazo kamar an wanke ƙwaryar nono. Likita yana yawo da fitilar da hannu, wani yana kiran lambobi, har kowane ma'auni ya cika 60 J/cm².

Ga abin da ya fi komai muhimmanci a duk wannan kwatance. Pass ya ce 30, Pennsylvania ta ce 60, kuma ba saɓani suke yi ba. Da aka ajiye mai fuska da mai ƙwallo gefe da gefe a cikin majiyyata, mai ƙwallo ya riƙa nuna kusan ninki biyu. Ciniki ne da mudu da tiya. Wanda ya karanta 60 a takarda ya je ya auna da mai fuska ya zuba wa zuciya da maƙoshin majiyyaci ninki biyu. Wanda ya karanta 30 ya auna da mai ƙwallo ya ba da rabi. Don haka tambayar wane ma'auni ya fi kyau tana bayan wata tambayar: tsarin jiyyar da za mu bi, da wane ma'auni aka rubuta lambarsa? In takardar ba ta faɗa ba, ba a gama karanta ta ba, a nemi asalin binciken.

Sauran da dillali zai ambata

Akwai kyamarar da ke bin sawun fitila a kogon ƙirji ta zana taswirar inda haske ya taɓa. Akwai lissafin kwamfuta da ke bin ɗigon haske miliyoyi a kan hoton sikana na majiyyaci. Akwai auna dushewar ƙyallin maganin yayin da haske ke cinye shi, da auna ɗan hasken nanomita 1270 da gubar oksijin ke fitarwa. Duk ilimi ne na gaske, na ƙarshen ma shi ne ya fi kusa da abin da ke kashe sankara, amma haskensa ya yi rauni ƙwarai, kayansa na ɗakin bincike ne. Ba ɗaya daga cikinsu da ke maye gurbin ƙwallo a jikin bango, kuma asibitin da ke fara wannan aiki bai kamata ya sa kuɗinsa a nan ba.

Zafi, ƙura da wuta

Wannan ɓangaren ba ya cikin littafin kamfani. Leza irin ta dayod tana sauya tsawon zangonta da zafi, kusan nanomita 0.2 a kowane digiri. Photofrin yana son 630, da sassaucin 3 sama ko ƙasa. Na'urar tana da nata mai sanyayawa, amma a watan Afrilu a Garwa ko Njamena, da zafi ya haura digiri 40, in sanyin ɗaki ya tsaya kuma ƙurar hunturu ta riga ta toshe matatar iskarta, za ta iya gocewa. Mugun abin shi ne ma'aunin silikon ba zai nuna ba, shi watt yake ƙirgawa, bai san ko magani yana shan wannan launin ba. A wanke matata kowane wata, a rubuta zafin ɗaki a takardar aiki, a kunna leza ta zauna kafin a auna.

Ƙura tana da wata ɓarnar. Bakin mahaɗin zare, wanda yawanci nau'in SMA ne, faɗin gilashinsa bai cika wuce rabin milimita ba. Ƙwayar ƙura a bakin zaren leza takan ƙone ta bar tabo, a bakin zaren ma'auni kuma ta rage karatu ba tare da gargaɗi ba. Hula a kai kullum, a goge da barasar asibiti da takardar goge gilashi, a duba da madubin ƙara girma. Tulun awo shi ma a rufe bakinsa, in farin cikinsa ya yi ja-ja da ƙura saitin duka ya tafi.

Ɗaukewar wuta kuma sai an yi mata shiri tun a wajen saye. Daƙiƙun da ke tsakanin tafiyar wuta da tashin janareta sun isa su goge jimillar da akwati ya tara. A tambayi dillali ƙarara: in wuta ta yanke a minti na tara, lambar tana nan? In amsar babu, akwatin da kwamfutarsa su hau ondula, wato batirin da ke riƙe su in wuta ta yanke, kuma a sa mutum ɗaya ya riƙa rubuta jimillar kowace tasha a takarda duk minti biyu.

Sai tsaftacewa. Ƙwallon roba ba ya shiga tukunyar tururi mai digiri 121 ko 134, zai lalace ko ya canja karatu. Gas ɗin etilin oksaid yake so ko na'ura mai ƙaramin zafi, wasu kuma sau ɗaya ake amfani da su a yar. Asibitin da ba shi da ɗayan waɗannan, kuɗinsa na gaskiya ba na akwati ba ne, na ƙwallaye ne da za su riƙa biyo hanyar Duwala suna kwana a duwan. A ƙirga na shekara guda kafin a sa hannu. Haka ma maganar sake saiti: ma'aunin da ake dogara da shi yana komawa wurin masu saiti kusan duk shekara, to su zama biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na aiki.

Wanne ga wane

Wanda aikinsa maƙoshi ne ko hanyar iska, tulun awo mai kyau da balan-balan mai riƙe tsakiya sun ishe shi, ya bi J/cm na takarda. Haka wanda zai yi ƙananan raunukan cikin baki da fitilar LED mai batir da maganin ALA, irin wadda aka gwada a Aligarh ta Indiya tare da masana daga Boston: abin riƙe fitilar ne ke tsayar da tazara, awon waje ya wadatar. Bakin mahaifa kuwa, ƙonawa da zafi ko daskarewa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su sun fi arha da sauƙi, ba mu ga dalilin fara PDT daga nan ba.

Mafitsara ita ce inda ba a yin rowa. Akwati mai tashoshi huɗu, uku a bango, ɗaya a ajiye, da na'urar eko mai ɗaukar hoton ciki a kan mara don ganin kan fitila yana tsakiya ta fuska biyu. In tsarin da za a bi na jan haske ne, mu mai ƙwallo za mu zaɓa, saboda a jan haske ne R ke da girma kuma take bambanta daga mutum zuwa mutum. In na kore ne da ya zo da kejinsa, a yi amfani da kejin, kada a haɗa lambar wani da ma'aunin wani. Zaɓin magani ma yana da nasa nauyi a nan: Photofrin yana barin fata da ido cikin haɗarin rana aƙalla kwana 30, wani har 90, kuma faɗa wa manomi ko mai acaɓa a Marwa ya yi wata guda a ɗaki abu ne mai sauƙin faɗa kawai. Magungunan da ake zubawa cikin mafitsara kai tsaye ba su da wannan doguwar wutsiya. Kogon ƙirji kuwa, in babu tashoshi takwas da masanin kimiyyar haske da zai tsaya a kansu har a gama, a bar shi.

Ranar aiki, tsarin ba shi da tsawo. A kunna akwati ya ɗumama. A rufe ƙwallaye a duhu a mayar da kowace tasha sifili. A zura su ɗaya bayan ɗaya a tulun saiti, a cikin robar ruwansu, a rubuta lambar gyaran kowanne tare da lambar tasharsa, kada a musanya su daga baya. A auna zaren leza. Bayan an zura komai, a kashe farar fitilar madubi kafin a fara ƙirga, domin ƙwallo bai san bambancinta da leza ba, kuma ita ma tana tayar da magani. Abin auna oksijin da ke maƙale a yatsa jan haske yake fitarwa, ya taɓa ƙona yatsun masu Photofrin a jiki, a riƙa sauya masa yatsa. A kunna leza a ƙaramin ƙarfi na 'yan daƙiƙu, a ga tashoshin uku sun yi kusa da juna, in ba su yi ba a gyara zaman fitila tukuna. Bayan an gama a mayar da zaren leza da ƙwallayen cikin tulu a sake aunawa. In wani ya kauce da fiye da kashi 10 cikin 100 daga awon safe, a rubuta shi a fayil ɗin majiyyaci kusa da adadin da aka ce an ba shi, a ware wannan ƙwallon kada ya koma cikin na aiki.